Fili ɗaya, takardun saye biyu: ina zan dosa?

Mazaunin unguwar Zariya:
Assalamu alaikum. Shekara 4 ke nan da na sayi fili a nan Maradi ta ƙasar Nijar, a hannun wani da ya ce gadonsa ne, muka rubuta takarda a gaban shaidu biyu, mai unguwa ya sa hannu. Makon jiya na kai yashi da bulo, sai na tarar an haƙa ramin tushe, wani dattijo kuma ya zaro takarda daga aljihu, ita ma ɗauke da sa hannun wanda ya sayar mini. Tawa ta girmi tasa da wata 7. Kuɗin nan gumina ne, ku ba ni shawara don Allah.

Wani malami daga Bagalam:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A Musulunci cinikin farko shi ne ingantacce, domin mutum ba ya sayar da abin da ya riga ya fita daga hannunsa. Kada ka yi sa-in-sa da dattijon, wataƙila shi ma cutarsa aka yi.

Tsohon ma'aikacin magajin gari:
Malam ya yi gaskiya, amma alƙali zai duba nauyin takardun, ba kwanan watansu kaɗai ba. Idan filin yana cikin wuraren da hukuma ta yanka, je ka ma'aikatar magajin gari da lambarsa a duba sunan da ke cikin rajista. Idan kuwa gona ce, tun daga dokar karkara ta 1993 hukumomin filaye da ake kira Kofo ne ke ba da shaidar saye. Abin da nake jiye maka tsoro shi ne a ce dattijon ya riga ya sami titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta dindindin da gwamnati ke bayarwa, domin ita ba a cika iya rushe ta ba, sai dai ka bi mai sayarwa da ƙarar damfara da neman kuɗinka. Fara da sulhu a wurin masarauta, ka karɓi takardar sulhun ko ta rashinsa, sannan ka nemi kotu ta dakatar da ginin.

Wata Hajiya daga Ali Ɗan Sofo:
Ɗana, bincika ko an raba gadon kafin a sayar maka. Namu filin a Maradin nan haka ya salwanta, bayan ƴan'uwan mai sayarwa sun taso.

Mazaunin unguwar Zariya:
Na gode, Hajiya. Ban taɓa tambayar wannan ba, gobe da sassafe zan nemi yayan wanda ya sayar mini.