Ta ina ɗan fasa-ƙwauri zai tsere wa kwastam a tsakanin taurari?

Jama'a, ina neman shawarar masu ilimin kimiyya da marubuta. Ina rubuta ƙagaggen labari kan fatauci tsakanin duniyarmu da wata duniya da ke zagaya Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da rana, na kuwa cije a wuri ɗaya.

Haske na ɗaukar shekara 4 da 'yan watanni kafin ya isa can. Kumbon jarumata, 'yar fasa-ƙwaurin irin shuka, yana tafiya da rabin gudun haske, wato tafiyar kusan shekara 8 da rabi ke nan. Saƙon rediyo kuwa da gudun haske yake tafiya. Ashe da zarar kwastam ɗin nan sun gano kayan da ta loda, sammacinta zai riga ta isa da shekara 4. Jami'an can sai su shimfiɗa tabarma su jira ta.

Ɓuya ma ba ta yiwuwa. Dole ta kunna inji don rage gudu, wutarsa kuma za a hango ta daga nesa, ga zafin jikin kumbon da na'ura ke gani.

Ba na son ƙirƙiro injin da ya fi haske gudu, zai kashe min labarin. Cin hanci kuma ya yi arha da yawa.

To ta wace ƙofa za ta shigar da kayan? Kuma dokar wa za a hukunta ta da ita, ta inda ta taso ko ta inda ta sauka, tunda kafin ta iso wataƙila an sauya dokar? Don Allah ku taimaka.