Barci na kwashe ni a tsakiyar addu'a

Salama, 'yan'uwa cikin Kristi. Aikin dare nake yi, sai gari ya waye nake komawa gida a gajiye. Da na durƙusa, kafin in gama Zabura ɗaya barci ya kwashe ni. Na mayar da addu'ar zuwa yamma, na kashe waya, na gwada karantawa a tsaye da babbar murya. Baki na motsi, hankali na wajen aiki.

Maganar Dawuda a 2 Sama'ila 24:24 ce ke damuna, inda ya ƙi miƙa wa Ubangiji hadayar da bai biya komai a kanta ba. Ni kuwa ragowar ƙarfina nake kawo masa, kuma barin aikin ba zai yiwu ba.

Masu aikin dare, wane lokaci kuke keɓe wa sujada har hankalinku ya tsaya a kanta?