Neman baƙin agwagin hunturu a fadamar Hadejiya da Nguru

Ɗan Gumel: Salamu alaikum. Ina son ganin agwagin da ke zuwa daga Turai, musamman Ferruginous Duck da ba a cika gani ba. Wane wata ya fi, kuma ta ina zan fara?

Malam na Gashuwa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka nufi Dagona a ƙaramar hukumar Bade, ko tafkin Nguru, tsakanin Disamba da Fabrairu. Janairu ya fi, domin ruwan ambaliya ya ja, tsuntsaye sun taru a ƴan tafkunan da suka rage. Dagona na ƙarƙashin gandun Chad Basin, sai ka nemi izini da ɗan rakiya. Ka isa bakin ruwa bayan asuba, rana na bayanka. Idan tana gabanka, duk agwagwa baƙa za ka gan ta.

Hajiya mai tabarau: Abin da ke ɓatar da mutane shi ne kallon garke a dunƙule. Kirinjijiya da dinya ƴan gida ne, su za su cika maka ido. Bi garken ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama, sannan ka sake. Wadda kake nema ja ce mai duhu, ƙarƙashin wutsiyarta fari fat, namijin kuma idonsa fari ne. Nutso take yi, don haka ka duba wuri mai ɗan zurfi da ciyawa, ka jira ta ɓullo. Garganey kuwa, wata ƙaramar agwagwa da ita ma baƙuwar hunturu ce, kiwo take a saman ruwa. Farin zanen da ke bisa idon namijin ba ya fitowa sosai sai wajen Fabrairu, kafin nan kusan kamarsu ɗaya da macen.

Tabaran hangen nesa 8x42, wato mai ninka girman abu sau 8, ya isa a kwale-kwale. Mai ninkawa sau 10 rawa yake yi a hannu.

Malam na Gashuwa: Gaskiyar Hajiya. Ƙari a kai: ranar da hazo ya yi kauri kada ka wahalar da kanka, launi ba ya fita. Kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, inda aka ga tsuntsaye bara ƙila bana ciyawa ce zalla, yawan ruwan ma ya danganta da abin da aka sako daga madatsun ruwa na Tiga da Challawa. Tambayi masunta kafin ka biya kuɗin jirgi. Kuma don Allah kada a tayar da garke saboda hoto, kitse suke tarawa na tsallake Sahara a watan Maris.