Warin gas a tirelar kwana, me zan fara canzawa?

Mai Tirela: Salamu alaikum. Na sayi tsohuwar tirelar tafi-da-gidanka, tukwanen gas biyu a gaba. Daren jiya na buɗe durowar ƙasan murhu, sai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na rufe tukwanen, na kwana a mota. Ta ina zan fara?

Tsohon Makaniki: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gara da ka rufe. Kaɗa ruwan sabulu ka shafa a kowane mahaɗi; inda ya yi kumfa, nan ke yoyo. Ashana kam, kul! Lanƙwasa gajerun tiyon nan na bakin tukunya, in ka ga tsattsagewa, jefar. Ragileta ma, wato abin da ke rage ƙarfin gas daga tukunya, a sa sabuwa, mai rage shi a mataki biyu.

Uwar Tafiya: Na'urar jin gas fa, mai ƙara in gas ya yi yoyo? Furofen, wato gas ɗin da ke cikin tukwanen, ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka dab da daɓe ake kafa ta. Tawa ashe ta shekara 9, fitilarta na ci amma hancin ya mutu. Duba kwanan watan da ke bayanta.

Mai Tirela: Hajiya, tawa ma babu ita, sai ramin kusoshi huɗu. Gobe zan nemo.