Abin da ke riƙe masu kallon wasan kwaikwayon dare na telebijin, da abin da ke korar su

Marubuta, masu ɗaukar hoto da masu tsara shirye-shiryen telebijin sun tattauna a Yamai, kuma bakinsu ya zo ɗaya kan lokacin da ya dace a nuna wasan kwaikwayo. Wasan da aka sa bayan sallar isha'i, iyali na zaune a tsakar gida, shi ke samun jama'a. In aka yi ta sauya masa rana ko awa, sai mutane su watse. A guji daren Talata da Laraba lokacin gasar zakarun Turai, don samari ke riƙe da rimot. Da azumi kuma a jinkirta sai an sauko daga tarawihi.

Sun fi daɗewa kan rubutu. Kada a fara nunawa sai an kammala ɗaukar kashi 13 aƙalla, domin wanda ke rubutu yau ya ɗauka gobe, ja da labari yake yi: kishiyoyi su yi wata guda kan faɗa ɗaya. Kowane kashi na minti 26 ya warware matsala guda, ya buɗe wata kafin rufewa. A ɗaure manyan ƴan wasa da yarjejeniya a rubuce, don sauya fuskar jaruma a tsakiyar labari na kashe wasa.

Murya ta fi hoto muhimmanci. In makirfo ya kwaso ƙarar janareto, dattijuwa ba za ta jure ba.

Daga Maris zuwa Mayu wuta na yawan ɗaukewa, saboda haka washegari da rana a maimaita kashin da aka nuna, a kuma ɗora shi a YouTube.