Kafiretar tsohuwar Land Cruiser ɗina ta gaji: wacce zan saka?

Mai Kurusa, Gashuwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da Land Cruiser FJ45 a-kori-kura ƙirar 1982, mai injin 2F, gadon mahaifina Allah ya ji ƙansa. Da ita nake ɗebo gero da riɗi daga ƙauyukan arewacin Yusufari, inda babu kwalta babu burji sai rairayi. Wata uku ke nan ba ta tsayawa a silo sai na ja cok, ina sakinsa ta mutu. In na taka totur kuma baƙin hayaƙi ne, ga shan mai kamar ana zubarwa a ƙasa, kuma kun san yadda fetur ya koma tun cire tallafi a 2023. Bakanikena ya wanke kafiretar sau biyu, ya ce ta gama aiki.

Na je Ƙofar Ruwa a Kano an nuna min iri uku: sabuwa fil ƴar Caina mai kama da tawa sak, Aisan (irin ta asali da Toyota ke sako motar da ita) ta hannu ƴar Beljiyam da ta ninka ta kuɗi, sai wani ya ce in saka Weber 32/36 in huta. Abin da nake nema kawai wadda ba za ta kashe min mota a tsakiyar daji ba. Don Allah a ba ni shawara.

Tsohon Bakanike, Kaduna:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka fitar da ko sisi, ka lura da abu ɗaya a bayaninka. Motar da ba ta silo sai da cok, iska ce ta yi mata yawa, mai ya yi kaɗan. Baƙin hayaƙi kuwa mai ne ya yi yawa. Ciwo biyu ne masu saɓa wa juna, kuma ba lallai duka daga kafireta suke ba. Na sha ganin an saka sabuwa, mota ta koma gidan jiya, domin ɓarakar tana ƙarƙashinta.

A 2F, bututun da ke kai iska da mai cikin inji a manne yake da na salansa, gefe ɗaya suke, zafin wannan na dukan wancan shekara da shekaru. Shi ya sa yakan tsage daidai ƙarƙashin kafireta, ko gasket ɗinsa ya ƙone. Ka tayar da motar da safe kafin ta yi zafi, ka fesa ruwan wanke kafireta kaɗan-kaɗan a gindinta da inda bututun ya haɗu da inji, da abin kashe gobara kusa da kai. In sautin injin ya sauya, to ka kama ɓarawon. Ka duba robar da ta tafi wajen bustar birki ma, tana tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani.

Sai wannan ƙaramin solenoid mai waya a jikin kafiretar. Aikinsa rufe hanyar man silo in an kashe mota. Ka sa yaro ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, kai kuma ka ɗora yatsa a kansa. Dole ka ji ƙas. In shiru ne, ko wanki goma aka yi mata ba za ta yi silo ba.

Hayaƙin kuma, Aisan tana da ɗan gilashi a jikin kwanon mai. Mai ya tsaya a tsakiyarsa. In ya haura sama, allurar da ke tare mai ta cinye, ko datti ya maƙale mata, tana ambaliya. Wannan kayan gyara ne na ƴan kuɗi kaɗan, tare da gasket da famfon totur da robar da ke buɗe maƙogwaro na biyu (hanyar iska ta biyu a cikin kafiretar).

Abu ɗaya ne ke sa in ce kafireta ta tsufa da gaske: sandar totur ta ci raminta. Kama ta ka girgiza. In tana lilo, iska na shiga ta nan. Ko shi ma masu sassaƙa ƙarfe da inji suna saka mata bushin tagulla ta dawo daidai. Ni dai a wurina, wadda Toyota ta sako motar da ita, in an gyara ta da kyau, ta fi duk ukun da aka nuna maka.

Direban Agadas:

Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in ɗan kare ƴar Caina. Na saka wa tawa mai injin 3F, shekara biyu ke nan muna hanyar Agadas zuwa Zinder lafiya lau. Sai dai ban ɗaura ta yadda ta fito daga kwali ba. Mun buɗe ta, muka tarar da ɓurɓushin ƙarfe a kwanon, ma'aunin mai ma ba daidai yake ba, muka gyara, muka mayar da jet-jet ɗin tsohuwar (ƴan ƙananan kafofin da ke auna man da ke wucewa) a ciki. Abokina ya sayi irinta a shago ɗaya, tasa ba ta yi wata huɗu ba. Sa'a ce. In za ka saya, tafi da tsohuwar a hannu ka gwada ramukan noti da inda sandar totur da wayar cok suke shiga. Kuma kada ka yarda a karɓi tsohuwar a rage maka kuɗi.

Abban Khadija, Kano:

Malam, maganar Weber, kafireta ce mai kyau, amma 32/36 an yi ta ne don injuna masu kamar lita 2, naka kuwa lita 4.2 ne mai silinda 6. Sai an sa mata faranti a ƙasa kafin ta zauna, ba ta son matsin mai ya wuce kamar psi 3, kuma abin tace iskarka na asali ba zai hau kanta kai tsaye ba. Ɗan ƙaramin da ake ɗora mata a buɗe yake, ka tuna ƙurar hunturu a Yobe. Masu hawan tudu kuma sun san ta da ambaliya in mota ta karkace sosai, inda Aisan ta fi haƙuri. Ta Beljiyam ɗin ma shekarunta ɗaya da taka, ita ma gyaran za ta nema.

Tambayata: a ina kake shan mai? In wurin ƴan bumburutu ne a ƙauye, sauke tankin a wanke, ka ƙara filta kafin famfo.

Mai Kurusa, Gashuwa:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Baba, na bi maganarka jiya. Solenoid yana ƙas. Da na fesa a gindin kafiretar ta wajen inji, nan take sautin ya tashi. Mun kwance, gasket ɗin ya ƙone gefe guda, bututun dai bai tsage ba, alhamdu lillahi. Man kuma ya cika gilashin har sama. Sandar totur tana motsi kaɗan, ba sosai ba. Na aika Kano a kawo min kayan gyara da gasket ranar Laraba, tankin ma yana ƙasa yanzu, tsatsar da ta fito ta kusa cika gwangwanin madara. Baba, wannan ɗan motsin sandar, in sa a yi mata bushin tun tana kwance, ko in ɗaura in ga yadda silon zai yi tukuna?