Katamaran na hannu a Las Palmas: gudun da dillali ya faɗa gaskiya ne?

Ɗan Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin jiragen ruwa masu filafilai, domin ni dai sanina da ruwa bai wuce dam ɗin Kubanni da kogin Galma ba. Yayana, wanda ya daɗe yana kasuwanci a Legas, ya ga tallan wani jirgin shaƙatawa na hannu irin wanda ake kira katamaran, wato mai gangar jiki biyu da aka haɗa da falo a tsakaninsu, kuma yana so mu haɗa kuɗi mu saya don ya riƙa kai baƙi Tarkwa Bay da sauran bakin gaɓa a ƙarshen mako. Jirgin ƙirar Lagoon 380 ne na shekarar 2006, yana ajiye a Las Palmas da ke tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, yana da ɗakunan kwana huɗu da injinan dizal biyu, an kuma ƙara masa janareta da na'urar sanyaya ɗaki. Dillalin ya rubuto cewa jirgin yana yin gudun not 12 (ma'aunin gudun jirgin ruwa) da iska kaɗai, kuma kowace irin iska ya samu tafiya yake yi, sannan yana matsa mana lamba mu ba da kafin alƙalami kafin wata ya ƙare. Shin wannan gudun gaskiya ne? Me kuma ya kamata mu duba tukuna?

Tsohon Injiniyan Jirgi, Tudun Wada, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru a ɗakin injin manyan jiragen dakon kaya kafin na dawo gida Zariya, kuma a lokutan hutu na sha hawa irin waɗannan ƙananan jirage tare da abokan aiki. Jirgin da kuke magana a kansa sananne ne. Kamfanin Lagoon na Faransa ya fito da shi a 1999, tsawonsa mita 11.55, faɗinsa mita 6.53, kuma abin da yake nutsewa cikin ruwa mita 1.15 ne kacal, wanda hakan zai amfane ku a wurare marasa zurfi. An ƙera ɗaruruwansa, saboda haka samun kayan gyaransa ba wuya a Turai.

Batun not 12 kuwa, dillalin bai yi ƙarya tsagwaronta ba, amma ya nuna muku wutsiyar raƙumi ne kawai. Not ɗaya shi ne kilomita 1.852 a awa, don haka not 12 ya ɗan haura kilomita 22 a awa. Jirgin zai iya taɓa wannan adadi na ɗan daƙiƙu idan iska mai ƙarfi tana bayansa kuma igiyar ruwa ta ɗauke shi tana gangarawa da shi, kamar yadda keke yake gudu a gangare ba don ƙarfin mai tuƙa shi ba. Gudun da za ku zauna da shi yini guda shi ne not 6 zuwa 7 idan iska ta kai kimanin not 15 kuma tana bugowa daga gefe. A doguwar tafiya, idan kun ci mil 150 na teku a kwana ɗaya, kun yi abin kirki.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne janareta da na'urar sanyaya ɗakin nan. Saurin katamaran daga sirantakar gangar jikinsa da rashin nauyinsa yake zuwa, kuma wannan ƙirar nauyinta ya ɗan haura tan 7 ne tana wayam. Kowace lita ta ruwan sha kilo ɗaya ce, ga mai, ga batura, ga ƙaramin kwalekwalen da ake ratayawa a baya da injinsa, ga baƙi goma da kulolinsu. Kafin ka ankara an ɗora masa tan ɗaya da rabi. Daga nan sai ya zauna cikin ruwa, ratar da ke tsakanin ƙasan falo da ruwa ta ragu, igiyar ruwa ta riƙa dukan ƙasan falon. Na taɓa kwana a cikin wani da aka cika wa kaya haka, duk dukan da ruwa ya yi sai kofin shayi ya yi tsalle a kan tebur, ƙarar kuma kamar ana buga ganga da taɓarya a ƙarƙashin gadonka. Idan kun je ganinsa, ku dubi layin fentin da ke nuna iyakar ruwa a jikinsa, da matakalar baya ta ƙarshe. In matakalar tana cikin ruwa alhali ba kowa a jirgin, to ya riga ya yi nauyi.

Malamin Tuƙi, Palladan, ya amsa:

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka da alheri. Ni harkata jirgin sama ce, amma filafilin jirgin ruwa da fiffiken jirgin sama ƙa'ida ɗaya suke bi, don haka zan tsoma baki a kan cewar wai kowace irin iska yana tafiya. Babu jirgin filafilai da yake shiga cikin iska kai tsaye. Sai dai ya karkace mata, ya yi dama ya yi hagu har ya isa inda ya nufa, kuma a nan ne raunin wannan ƙirar yake. Abin da yake hana shi zamewa gefe ɗan gajeren fiffike ne a ƙarƙashin kowace ganga, saɓanin ƙirar Outremer ko Catana masu dogayen alluna da ake zurawa cikin ruwa. Saboda haka idan iska tana gabansa yakan buɗe kwana sosai, yana kuma zamewa, har yawancin masu shi su gaji su tayar da inji ɗaya. Haka kuma idan iska ta gaza not 8, tafiyarsa ta zama jan ƙafa, musamman idan filafilan sun tsufa sun saki sun yi tumbi.

Akwai kuma abin da nake roƙon a gaya wa duk wanda zai tuƙa shi. Jirgi mai ganga ɗaya yakan kwanta gefe idan iska ta yi yawa, wannan kwanciyar ita ce gargaɗinsa. Katamaran ba ya kwantawa, yana nan tsaye kamar ba abin da ke faruwa alhali nauyin iskar duka yana kan jigon filafilai da wayoyin da suka riƙe shi, kuma idan ya kife ba ya tashi da kansa. Don haka da na'urar auna iska ake rage filafilai, bisa jadawalin da kamfani ya bayar, ba da jin jiki ba.

Hajiya Mai Lissafi, Sabon Gari, ta amsa:

Ƙanena, ni ban san tuƙi ba, amma na san ciniki, kuma ba a cinikin biri a sama. Ɗakuna huɗun da ka ambata su ne suka ja hankalina, domin wannan jirgi iri biyu ake yinsa: mai ɗakuna uku wanda masu saye don kansu suka fi so, da mai huɗu wanda kamfanonin haya suka fi ɗauka. Ku tambaya ko ya taɓa yin haya, da shekaru nawa ya yi yana yi, domin motar da ta yi kabu-kabu ba ɗaya take da motar gida ba ko da shekararsu ɗaya. Kada ku saki ko sisi sai an rubuta a takarda cewa za a mayar muku da kafin alƙalamin idan gwaji ya nuna aibi, kuma mai binciken jirgin ku za ku ɗauko shi ku biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Sannan ku sa kuɗin fito da rajista da inshora a lissafi tun yanzu.

Ɗan Samaru ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Malam da Hajiya. Na tambayi dillalin, ya amsa cewa jirgin ya yi haya a shekarunsa na farko, kuma bai san ranar da aka sauya wayoyin jigo ba. Yayana yana cewa tunda yawon kusa da Legas za a yi, gudu bai dame shi ba, inji ma ya isa. Shin yana da gaskiya? Kuma a tuƙo shi zuwa Legas ya fi, ko a ɗoro shi a babban jirgi?

Tsohon Injiniyan Jirgi, Tudun Wada, ya sake amsawa:

Yayanka Alhaji yana da rabin gaskiya, Malam. Don kai baƙi Tarkwa Bay, faɗin falon da rashin tangaɗinsa sun fi gudu amfani. Amma in da inji za a dogara, to injinan ne ya kamata a fi tsananta wa bincike: awoyin da kowanne ya yi, launin hayaƙinsa idan an tayar da shi da sanyi, da robar da ke toshe inda ƙafar farfela ta ratsa ƙasan jirgi, wadda kamfanin Volvo Penta yake cewa a sauya duk shekara 7. Wayoyin jigo kuma, kamfanonin inshora da yawa suna so a sauya su idan sun kai shekara 10, don haka rashin sanin dillali ku ɗauke shi a matsayin ba a sauya ba, ku cire kuɗin daga farashi. A ɗaga jirgin daga ruwa a duba ƙasansa ko ya yi ƙuraje, a kuma auna damshin da ke cikin jikinsa. A ranar gwaji ku sa a kashe injina, a fuskanci iska, ku karanta gudun a kan GPS da idonku.

Tuƙo shi yana yiwuwa, amma tafiyar ta haura mil 2,000 na teku, wato fiye da mako biyu ko da ba a tsaya ba. Daga Kanari zuwa Dakar iskar arewa maso gabas tana bayanku, daga nan ku faɗa yankin da iska take mutuwa wajen Gini da Saliyo inda za a sha mai, sai kuma mashigin tekun Gini inda ruwa yake gudana gabas yana taimakonku. Nan ɗin ne kuma ake fargabar 'yan fashin teku, don haka ku fara jin ta bakin kamfanin inshora ko zai rufe wannan hanyar. Kafin duk wannan, Alhaji ya nemo wurin da zai ɗaure shi a Legas, domin jigon jirgin ya haura mita 17 daga saman ruwa, kuma ba zai shige ƙarƙashin gadar Carter ko ta Falomo ba.